Hular Shugaban Kasuwa

Tabawa mai ɗinkin hula tana rumfarta Alhaji Barau, shugaban kasuwa, ya tsaya a kanta. Bai daɗe da fara koyon Turanci ba, kuma yana so kowa ya sani.

Ya ce, "Hula nake so wadda ta fi ta abokin hamayyata Mantau tsawo, amma silaitili."

"Ranka ya daɗe, mene ne silaitili?"

"Kaɗan ɗin Turawa ke nan. Ta fi tasa, amma kada ido ya ga bambanci, a ce gasa nake yi da shi. In kika kuskure, ki nemi wata rumfar."

Da rumfar nan Tabawa take ciyar da 'ya'yanta. Ta yi ta juya maganar, can ta yi murmushi. Ita ta ɗinka hular Mantau, sai ta ɗinka irinta sak.

Ranar karɓa Alhaji ya sa aka aro hular Mantau, ya jera su a gaban 'yan kasuwa. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ke Tabawa, ai tsawonsu ɗaya!"

"Ka ga bambanci, ranka ya daɗe?"

"Ko kusa!"

"Alhamdu lillahi, aiki ya yi. Da ka gani, ai da na saɓa umarninka. Ko akwai wani kaɗan ɗin a Turancin da ba ka faɗa mini ba?"

Mutane suka zuba masa ido. Alhaji ya yi gyaran murya, ya kafa hular, ya tafi yana ta miƙe wuya.