Kariyar Iya Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Ruwa yake ja a rijiyar bayan gari, ya ɗora tuluna a jaki, ya bi gida-gida. Dukiyarsa ke nan: jaki, guga, ruwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Maƙwabciyarsa wata tsohuwa ce, Iya Tabawa. Idonta ya yi rauni, dishi-dishi take gani. A ƙofar gidanta, jikin katanga, akwai kariya. Kun san kariya ai? Mai ƙaton gindi kamar tulu, mai rassa masu kauri, wadda in rani ya tsananta, itatuwa duk sun yi laushi, ita lokacin take fito da jan fure. Ɗanta tilo, Arzika, shi ya dasa ta yana yaro. Ya girma, ciwo ya ɗauke shi. Kariya ta rage. Kullum da safe Iya za ta lallaɓo, ta durƙusa, ta shafa gindin, ta koma ciki. Mutane suka ce tsufa ne.

Farkon damina aka aiko ƙanwarta tana kwance a wani gari mai nisa. Da za ta tafi jinya, ta kira Nomau.

"Zo nan, ɗan nan. Ga amanar kariyata. Ban da awaki, ban da yara. Kada ka bari a karya mata ko reshe ɗaya."

"Iya, in Allah ya yarda yadda kika bar ta haka za ki same ta. Har ma ta fi."

Har ma ta fi! Ku saurara, daga nan abin ya faro.

Mai ruwa in yana ƙaunarka, me zai ba ka? Ruwa! Ya fita da safe, ya zuba mata. Ya dawo da yamma, ya juye mata tulun ƙarshe, wanda da sayarwa zai yi. Sama na ba ta, Nomau na ba ta. Ganye ya soma yin rawaya yana zuba. Nomau ya ce, "Wayyo, ƙishi take ji!" Ya ƙara.

Wata rana taubashinsa Cindo, maharbi, ya biyo ta wurin. Ya tsaya, ya dubi taɓon da ke gindin kariya, ya fashe da dariya.

"Sarkin ruwa! Wannan kariya ce ko shinkafa?"

Ya danna wani reshe da ɗan yatsa. Yatsa ya lume kamar a ruɓaɓɓiyar gwanda. Wari ya taso. Dariyar ta tsaya.

"Kai, ka kashe wa tsohuwa kariya. Wannan 'yar kan dutse ce, ruwanta a cikinta yake. Ruɓa ta kama rassa, tana gangarowa. In ta isa gindi, shi ke nan."

Nomau ya zauna a ƙasa daɓas. "Babu magani?"

"Wuƙa. A sare duk inda ya ruɓe. Amma kututture za a bari, kuma ban ce lalle ta tashi ba." Cindo ya waiga, ya rage murya. "Ko kuma ka ji ta sauƙi. A bayan dutsen can akwai irinta, tsayi ɗaya, gindi ɗaya. Gobe mu tono, mu jefar da wannan. Tsohuwar da ba ta bambanta akuya da tunkiya, ita za ta bambanta kariya da kariya?"

Jama'a, ku dubi wannan hanya. Ba faɗa, ba kunya, ba wanda zai yi kuka. Tsohuwa ta dawo ta sa masa albarka. Wa zai ƙi?

Nomau ya ce, "Ita ba za ta gani ba, gaskiya ne. To Allah da ya ji ni ina cewa na karɓa fa? Ba ni wuƙar."

"Ta ce ko reshe ɗaya!"

"Na ji. Zan faɗa mata da bakina."

Ya kama aiki, Cindo na nuna masa. Ya yanka, ya duba: ciki baƙi. Ya ƙara yankawa ƙasa. Baƙi. Ya ƙara, har ya iso inda naman ya yi fari tas. Kowane yanka a karkace, don kada ruwa ya kwanta a kai. Kowane yanka sai ya goge wuƙa, don kada ya kai ruɓa wurin mai lafiya.

"Kau da fuskarka, rago," in ji Cindo. "Ruwan jikinta da shi muke dafin kibiya. Ya shiga idonka ku zama makafi biyu a layi ɗaya."

Nomau ya shafa toka a bakin kowane yanka. Ya kwashe taɓon, ya zuba yashi da tsakuwa. Ya kafa mata 'yar rumfar zana ta tare ruwan sama. Sai abu mafi wuya: ya hana ta ruwa. Mai ruwa, ya wuce da tuluna cike, ya kalle ta, ya wuce!

Da kaka Iya ta dawo. Tun ba ta sauke kaya ba ya tare ta.

"Iya, na ɓata amanarki. Ni na cika mata ruwa har ta ruɓe. Ni na sare ta. Ba akuya ba ce, ba yara ba ne. Ni ne."

Ta miƙa hannu inda rassa suke. Babu. Ta durƙusa, ta shafa gindin, ta daɗe a haka. Ta miƙe.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya! Kada ka sake kawo ruwa gidana."

Ta daina amsa gaisuwarsa. Gari ya ɗauka: Nomau mai sare amana. Wasu gidajen suka canza mai ruwa. Shi kuwa bai ce wa kowa ai don in cece ta na yi ba. Kullum da safe: "Iya, ina kwana?" Shiru. Gobe ma: "Iya, ina kwana?" Shiru. Ya kori awaki daga kututturen, ya kama jakinsa.

Sai rani ya shigo. Ku saurara, ku saurara!

A gefen kowane yanka wasu 'yan ƙurarraji suka ɓullo. Suka tsiro. Inda aka sare reshe ɗaya, biyu suka fito, wani wurin uku. Kan a ankara, fure! Ja wur, ya rufe ta, har ba a ganin itacen. Irin wanda ba ta taɓa yi ba tun da Arzika ya dasa ta. Mata masu zuwa kasuwa suka tsaya. Iya ta fito, idon nan da ba ya ganin komai sosai ya ga ja ya cika ƙofarta. Ta ce a kira Nomau.

Cindo ya biyo shi, baki ba ya shiru. "Iya, ni fa cewa na yi mu musanya miki da wata tun farko. Wannan mai taurin kan ya ƙi."

Iya ba ta yi dariya ba. Ta kamo hannun Nomau, ta kai shi can ƙasan gindin, ɓangaren katanga. Ya ji wasu tabbai a jere.

"Ka ji su? Tsagar gidanmu ce. Arzika ya yi mata da wuƙar ubansa, ya ce ita ma 'yar gida ce. Ita nake shafawa kullum. Ran da na dawo na shafa, na ji ta. Shi ya sa na yi fushi, ban yi maka baki ba. Da wata na tarar, Nomau, da ban yafe ba har kabarina." Ta share ido. "Gobe ka kawo mini ruwa. Ni, ba ita ba."

Allahu Akbar!

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Nomau ya yi kuskure, babba ma. Kyakkyawar niyya ba ta hana shi ɓarna ba. Amma bai rufe ɓarna da ƙarya ba, shi ya sa abin ya gyaru. Amana in ta lalace a hannunka, faɗa. Yanke inda ya ruɓe, ka ɗauki kunyar, ka yi haƙuri.

Kai tela da ka ɓata yadin mutane ka ce bai isa ba. Kai makanike da ka karya ƙarfe ka sa tsoho ka yi shiru. Ke da aka bar wa 'yar wani riƙo. Kowannenmu yana da Cindonsa a kunne, yana cewa ba za a gane ba. Wataƙila mai abin ya san tsagarsa, wataƙila bai sani ba. Allah dai ya sani.

Allah ya ba mu ƙarfin cewa "ni ne". Ku ce amin.