Mutumin Da Jarida Ta Binne Da Ransa

Akwai wani tsohon malamin firamare a garinmu, can cikin duwatsun arewacin Fotugal, sunansa Amilcar. Da ya yi ritaya sai aka ba shi shafin baya na 'yar jaridar da coci ke fitarwa wata-wata, mai suna Muryar Kwari.

Jaridar ba wata babba ba ce. Amma a lokacin wayar hannu ba ta zo ba, kuma rabin mutanen garin suna Faransa wajen aikin gini da shara. Duk wata ake ɗaure ta a aika can, a ajiye a shagunan da suke sayen abincin gida, kowa ya ɗauki tasa. A ciki suke sanin wa ya haihu, wa ya yi aure, wa aka kai makwanci. Shafin baya kuwa shi suke fara buɗewa.

Malam Amilcar ya iya rubutu, wannan babu gardama. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya. In ya zauna a shagon kofi na Dona Zulmira yakan ce, “Tunda na fara shafin nan ban taɓa buga gyara ba. Masu gyara su ne masu rubutu da ƙafa.”

Wata rana cikin kaka, wani direban babbar mota ya leƙo shagon, ya kurɓe kofinsa a tsaye, ya ce, “Kun ji Belmiro ya rasu a asibitin birni? Can ma aka binne shi.” Ya fice abinsa.

Dona Zulmira ta bi shi da kira, “Wane Belmiro?” Amma ya riga ya tayar da mota.

Malam Amilcar ya ce, “Belmiro nawa muke da su? Kawu Belmiro mai awaki mana, na Fragas.”

Fragas wani ƙauye ne a can ƙololuwar dutse, wanda mutanensa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun mutu, wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba, har ya rage Kawu Belmiro kaɗai da awakinsa. Sai ya daɗe bai sauko gari ba.

A gida Deolinda, matar Malam Amilcar, ta same shi yana ta rubutu kamar ana korarsa. Ta ce, “Kai mutumin nan, ni fa ban ji an kaɗa ƙararrawar mutuwa ba. Ka tambayi Fada, limamin coci, mana.”

“A birni aka binne shi, wace ƙararrawa za ki ji? Fada kuma yana can yawon ƙauyukansa. Gobe ake kai rubutu maɗaba'a.”

Rubutun ya fito, kuma gaskiya bai taɓa yin mai kyansa ba. “Hayaƙi na ƙarshe ya ɗauke a Fragas,” haka ya fara. “Awaki suna tsaye a ƙofa suna jiran muryar da ba za ta sake kiransu ba.” Mata suka yi ta share hawaye a bakin famfo. Kowa ya ji tausayin awakin nan, amma ba wanda ya ce bari ya hau ya duba su. Har wata babbar jaridar lardi ta sake buga rubutun, da hoton Malam Amilcar a gefe.

Ranar kasuwa ta zagayo. Gari ya tashi da gajimare a ƙasa, har ba ka ganin wanda ke tsallaken hanya sosai. Malam Amilcar na tsaye a ƙofar shagon Dona Zulmira sai ya ji hayaniyar kasuwa tana mutuwa daga can ƙarshen layi, rumfa bayan rumfa. Wata mai kayan miya ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

Wani dogon tsoho ne ke tahowa a hankali, da baƙar hula da kwando a hannu.

Malam Amilcar ya ja da baya. Ya dafa ƙofa.

Dona Zulmira ce ta iya buɗe baki. “Kawu Belmiro... kai ne, ko kurwarka ce?”

Tsohon ya buɗe kwandon. “Kin taɓa ganin fatalwa tana tallar cuku? Ɗanɗana ki ji ko na lahira ne.”

Kasuwa ta ɗauki dariya da ihu. Ashe wanda ya rasu wani Belmiro ne daban, magini daga hayin kogi.

Bayan an karanta wa tsohon abin da aka rubuta a kansa, sai ya nufo Malam Amilcar, ya cire hularsa.

“Malam, an ce ka yi mini jana'iza mai kyau. Wallahi ban san haka nake da kirki ba.”

Malam Amilcar ya yi yaƙe. “Kuskuren direba ne, Kawu Belmiro.”

“Ban zo faɗa ba. Alfarma ɗaya nake nema.” Ya rage murya. “Ka san 'yata Gracinda. Ta tafi Faransa uwarta na kwance ba lafiya, ni kuma na ce mata in ta tafi kada ta sake taka mini ƙofa. Bakina ne ya faɗa, Malam, zuciyata ba ta faɗa ba. Shekaru sun yi yawa. To a bazarar nan wani ya haɗu da ita a tashar mota a can. Ta ce ya gaya mini za ta zo Kirsimeti. Ta ce kuma duk wata tana ɗaukar jaridarka. Ban san gidanta ba, ban iya rubutu ba. In ta karanta na mutu, me za ta zo yi? Layi biyu kawai. Ka ce tsohon nan yana nan, ƙofa a buɗe take.”

“Kada ka damu. A fitowa ta gaba za ka gani.”

Ya yi niyya, ba za a ce bai yi ba. Ya zauna ya rubuta “Gyara” a saman takarda. Sai ya tuna hotonsa a jaridar lardi. Ya tuna yadda 'yan shagon kofi suka fara cewa, “Malam, wa za ka kashe mana a wannan watan?” In ya buga da hannunsa, har Faransa za a yi masa dariya. Ya dunƙule takardar, ya rubuta wani abu mai daɗi a kan girbin zaitun.

Deolinda ta duba sabuwar jaridar gaba da baya. “Ina maganar Kawu Belmiro?”

“Duk gari an gan shi da ransa. Labari zai kai mata ta bakin mutane.”

“In bai kai ba fa?”

“Deolinda, ki bar ni da aikina.”

“Aikinka? Kai ka binne mutum, kai za ka tono shi.”

Ranar kasuwa ta gaba, Malam Amilcar na zaune a teburinsa ya ɗaga kai. Kawu Belmiro na tsaye a tsallaken titi, jikin bangon coci, hula a hannu, yana kallon tagar. Bai buga ƙofa ba, bai yi magana ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar da hularsa ya juya.

Mutumin da a da sai a yi wata biyu ba a gan shi ba, yanzu ba ya fashin kasuwa. Kullum wuri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya. Malam Amilcar ya koma sakin labule ranar kasuwa, amma ta cikin labulen yana ganin inuwarsa. Abinci ya daina yi masa daɗi. Kullum yana ce wa kansa, “Wata mai zuwa, in surutu ya lafa.”

Jaridar watan Kirsimeti ta fito da labarin yadda ake bikin a zamanin da. Babu layi biyun.

Sai dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe hanyar dutse. Ranar kasuwa ta zo, jikin bangon coci ba kowa. Malam Amilcar ya ɗauka zai samu sauƙi. Ina! Ya fi jin tsoron bangon da ba kowa a kan bangon da mutum ke tsaye. Sau da yawa zai ɗaga kai ya ga kamar baƙar hula, ya miƙe da sauri, ya tarar da farin fili kawai.

Kirsimeti ta zo, 'yan ci-rani suka cika gari da motocinsu. Ya bi fuskokin matan da suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Gracinda ba ta cikinsu.

Bayan sabuwar shekara wasu mafarauta suka ga awaki suna gararamba a gindin dutse, duk sun rame. Suka hau. Babu hayaƙi a Fragas. Sun sami Kawu Belmiro zaune a kujerarsa gaban murhun da ya mutu, sanye da rigarsa ta zuwa coci. Likita ya ce zuciya ce, kuma ya yi kwanaki da cikawa.

Wannan karon an kaɗa ƙararrawa. Malam Amilcar ya ji ta daga ɗakinsa. Deolinda ta saka baƙin mayafi ta fita, ko kallonsa ba ta yi ba.

A fitowa ta gaba ya rubuta komai, ba ado, ba ƙawa. Ya ce mutumin bai mutu cikin kaka ba. Ya ce ya roƙe shi gyara, shi kuma ya ƙi saboda kada a yi masa dariya.

Ba a daɗe da aika jaridar ba aka buga ƙofarsa da rana tsaka. Wata mata ce mai furfura tsilli-tsilli, da 'yar jaka a kafaɗa.

“Malam, ba ka gane ni ba? Gracinda ce. Kai ka koya mini karatu.”

Ya kasa ce mata ta shigo.

“Garin da nake ba 'yan nan ko ɗaya,” in ji ta. “Jaridarka ce kawai. Na riga na shirya tafiyata lokacin da na karanta rubutunka na farko. Na sa aka yi masa addu'a a coci, na saka baƙi, na yi kukana na gama. Ranar Kirsimeti ina can ina goge benen mutane, ina cewa ai ba ni da wanda zan je wa.” Ta gyara jakar a kafaɗarta. “Da na ga na biyun, washegari na hau mota. Ka ga ai da sauri nake zuwa, Malam, in an gaya mini.”

“Gracinda, ki yafe...”

“Ba wannan ya kawo ni ba. Na karɓo mabuɗin gidan Baba a wajen Fada. Saka takalminka, tare za mu hau.”

Suka hau dutsen. Ƙanƙara ta narke, hanya duk taɓo. Suka ratsa gidajen Fragas da rufinsu ya rufta, ciyawa ta fito ta tagogi, har ƙofar gidan ƙarshe.

Ba wanda ya taɓa komai a ciki tun da aka fitar da gawar. Tebur na shimfiɗe da farin ƙyalle. Faranti biyu, kofi biyu, cokali biyu. A tukunya ga ragowar busasshen kifin da ake dafawa ranar jajiberin Kirsimeti. A ƙaramin ɗaki an gyara gado, da sabon bargo ko ninkinsa bai baje ba.

Gracinda ta shafa bargon. Ba ta juyo ba ta ce, “Faɗa mini abin da ya ce maka. Yadda ya faɗa, kada ka gyara masa magana... kada ka ƙara masa gishiri irin naku.”

Ya ce, “Ya ce bakinsa ne ya faɗa, zuciyarsa ba ta faɗa ba. Ya ce in rubuta, tsohon nan yana nan, ƙofa a buɗe take.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“To fita ka jira ni a waje.”

Ya fita ya tsaya cikin iska. Ya ji ta ja kujera ta zauna a gaban farantin da aka ajiye mata. Sannan ya ji muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar ta ƙaramar yarinya:

“Baba, na zo.”

Gracinda ta koma Faransa, ba ta kai ƙararsa ko'ina ba, ba ta zage shi ba. Malam Amilcar ya mayar wa Fada shafinsa. Ya rayu shekaru bayan haka, amma Deolinda ta ce ko ana tsakiyar cin abinci sai ya ajiye cokali ya karkata kai, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. In ta ce, “Mene ne kuma?” sai ya ce, “Ba ki ji ba? Ta zo.”

Darasi: Kafin ka yaɗa labari a kan mutum, ka tabbatar. In kuma ka yi kuskure, ka gyara tun yau, ko da za a yi maka dariya. Dariyar mutane takan wuce, amma akwai gyaran da in ya makara ba ya amfanar kowa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana rubutu ko yana tura labari, wataƙila akwai wani da ke tsaye yana jiran layi biyu daga wajensa.