Dardumar Iya Dudu da Ɗaliban Dokta Nermin

Ku matso ku ji wannan, amma ku tanadi bakin gardama.

A wata makarantar koyon likitanci a ƙasar Turkiyya an yi wata malama, Dokta Nermin, mai takardar tambayoyi ashirin da take auna tausayin ɗalibai da ita. Ta yarda da takardar nan fiye da idonta. Gurbi ɗaya take da shi na wanda zai yi aiki a ƙarƙashinta, sai ga ɗalibai uku sun yi kunnen doki: Ilkay, Orhan da Sebahat.

Ana cikin haka aka kawo wata tsohuwa masaƙiya, Iya Dudu, da ƙari a ciki. In ba a yi mata tiyata cikin mako guda ba, sai dai wani ikon Allah. Tsohuwa ta ce atafau, ta juya wa kowa baya. Dokta Nermin ta yi lallashi har ta gaji, hankalinta ya tashi ƙwarai.

Ilkay ce ta lura tsohuwa ba ta taɓa shayin asibiti. Ta dafa mata irin na ƙauye a ɗan kofin gilashi, ta zauna gefenta kwana biyu ba ta tambaye ta komai ba. Sannan Iya Dudu ta ce, "'Yata, a garinmu mace kan saƙa dardumar da za a kai masallaci bayan ranta. Tawa saura taƙi ɗaya. Ba zan kwanta a yanka ni ban gama ba."

Labari ya kai kunnen Orhan. Ya bar jarrabawar da ke gabansa, ya hau mota zuwa ƙauyen, ya ɗauko masaƙar sukutum, ya sha faɗa da masu gadi kafin su bar shi ya shigo da ita.

Sai ga hannun tsohuwa na rawa, zare ya ƙi ƙulluwa. Sebahat, wadda ta daɗe tana ɓoye cewa ita jikar masaƙa ce don gudun dariyar 'yan birni, ta durƙusa a gaban kowa. Tsohuwa na faɗin launi, Sebahat na ƙullawa, har yatsunta suka fashe. A kwana na shida da kawo tsohuwa asibiti darduma ta kammala, Iya Dudu ta shafa ta, ta ce a kira masu wuƙar.

Aka yi aiki lafiya, ta tashi tana neman shayi.

Dokta Nermin ta koma ta bi tambayoyinta ashirin ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga shayi ko masaƙa a ciki ba. Gurbi kuwa har yanzu ɗaya ne.

To, ku da kuka ji, wa za ta ɗauka a cikinsu?