Mutumin Da Ya Yi Dariya a Tsakar Gida

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, mai zanen gine-gine ne. Ba mashayi ba ne, ba maci amana ba ne, salla ba ta wuce shi. Gidansa akwai rufin asiri. Matarsa tela ce, kekenta na gefen taga a falo, teburinsa na ɗaya gefen. Tana ɗinki yana zane, suna hira, yara na shiga suna fita. Na san gidan, kuma gida ne da ake jin daɗin zama a cikinsa.

Aibinsa ɗaya ne: yana son ya ga mutum ya firgita ya yi dariya.

Yana da kwamfutar cinya mai jikin ƙarfe. Wata rana ya lura cewa in ya sa ta a caji a soket ɗin bayan teburinsa, duk wanda ya taɓa gefenta sai wutar lantarki ta ɗan ja shi. Wani zai damu. Shi kuwa sai ya samu abin wasa. Baƙo ya zo, sai ya ce, "Matso da ita ka ga zanen nan." Baƙo ya taɓa, ya zabura, shi kuma ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ƙannensa sun sha, maƙwabta sun sha, har surukinsa bai tsira ba.

Cikin waɗanda suka sha akwai abokinsa mai gyaran wuta. Shi bai yi dariya ba. Ya kwance soket ɗin ya leƙa, ya ce, "Wayar da ke kai wuta ƙasa ta tsinke, robar ɗayar kuma ta fara narkewa. Ranar da suka haɗu, jikin kwamfutar nan wuta ne tsantsa. Bari in gyara maka yanzu."

Ya ce, "Kai dai bar min abina. In ka gyara, da me zan tarbi baƙi?"

Kun ji? Ba rashin sani ba ne, ba rashin mai gyara ba ne. Daɗin dariya ne ya hana shi.

Mutum ɗaya ce bai taɓa kamawa ba, matarsa. Ta san halin mijinta. Kullum sai ta zare caja kafin ta taɓa, tana murmushi tana cewa, "Baban yara, ni dai ba za ka same ni ba." Wannan magana ta tsaya masa a rai.

Wata safiya ta gama goge falo, ƙasa da danshi, ba takalmi a ƙafarta. Shi yana tsakar gida da ƙaninsa. Ya riga ya tura wayar cajar bayan littattafai yadda ba za a gan ta ba. Ya ƙifta wa ƙanin ido, ya ɗaga murya ya ce, "Maman yara, miƙo min kwamfutar nan. Na zare ta, ɗauko kawai."

Ta yarda da shi. Me zai hana? Mijinta ne ya faɗa.

Bai san cewa robar nan ta gama narkewa ba. Ta sa hannu biyu ta ɗauka, wuta ta riƙe ta. Ta yi ƙara. Shi kuwa a waje ya fashe da dariya yana dukan cinya, yana cewa yau dai ya same ta. Ƙanin ne ya lura ƙarar ta yanke kuma ba ta fito tana faɗa ba. Shi ya ruga ya kashe wutar gidan.

Allah ya yi da sauran kwananta. Amma hannun dama ya ƙone, yatsunta sun ƙandare, ba ta ƙara riƙe almakashi ba. A asibiti mijin ya durƙusa yana kuka yana neman gafara. Ta dube shi ta ce, "Hannun na bar wa Allah. Amma lokacin da wutar ke riƙe da ni, ba abin da nake ji sai dariyarka."

Da aka sallame ta, gidan iyayenta ta wuce da yaran. An gyara soket ɗin a ranar da abin ya faru, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Keken yana nan a gefen taga an rufe shi da zane, shi kuma yana zaune a ɗaya gefen shi kaɗai.

Ya 'yan uwa, addini ya hana firgita mutum ko da wasa, ya hana ƙarya ko don a yi dariya. Raha halal ce, ni ma ina son ta, gidan da ba a dariya ba shi da daɗi. Amma dariyar da sai wani ya ji zafi kafin ta zo, wace irin dariya ce? In wani abu a gidanka yana ɗan jan hannu, gargaɗi ne, ka kira mai gyara yau. In kuma iyalinka sun yarda da maganarka, kada ka mai da yardarsu tarko.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyalanmu daga sharrin hannunmu da harshenmu, ya sa dariyarmu kada ta zama kukan wani. Amin.