Cokali Ukun Da Nubia Ta Ɓoye

Akwai wata mata mai suna Nubia da ke aiki a wani gidan kula da tsofaffi a bakin garin Palmira, daidai inda gonakin rake suka fara. Tsofaffi ashirin da biyu, ma'aikata bakwai. Wanda bai taɓa ɗaga tsoho daga gado ba kada ya ce min bakwai sun isa.

Cikin tsofaffin akwai wani dattijo da ake kira Don Evaristo. Shekara arba'in ya yi yana shugabancin masu saran rake. Yanzu tunani ya gudu, ko sunan 'ya'yansa ba ya riƙewa. Kuma ba ya cin abinci a hannun kowa sai Nubia. Wata ta kawo cokali, sai ya datse baki ya juya fuska bango.

Abokan aiki suka mai da abin tsokana. Da tsakar rana ta yi, Yesenia, wadda bakinta ya fi hannunta sauri, za ta leƙo ta ce, "Amarya, angonki ya ƙi ci, yana jiran ki."

Nubia ta ce, "Ke ma ki nemi naki, ko mai haƙori ɗaya ne."

Sai ta ɗauki kwanon shinkafa da wake ta shiga ɗakinsa ta rufo ƙofa. Ta fito da kwano tas. In an tambaye ta sirrin, ta ce hannu ne, ba kowa Allah ya ba ba.

Ba hannu ba ne. Zama take yi a bakin gadonsa, ta ci cokali uku daga kwanon a kan idonsa, ta ce masa kowa ya ci, saura shi. Sannan ya buɗe baki. Mutumin nan tun yana gona bai taɓa sa loma ba sai ya ga yaransa sun ci. Komai ya zube daga kansa, wannan ya ƙi zubewa.

To gidan na da doka. Doña Gilma, shugabar gidan, ta kafa ta tun ranar da ta kama wata na kwashe naman tsofaffi zuwa gida: duk wadda ta kai abincin tsoho bakinta, ta ajiye rigar aiki. Shi ya sa Nubia ke rufe ƙofa. Amma zan faɗa muku gaskiya, tsoro rabi ne. Ɗaya rabin daɗi ne, daɗin a ce in ba ita ba babu. Wata takwas ba ta huta ko Lahadi ɗaya ba, tana ƙorafi da baki, tana murna a ciki.

Jiki kuwa ba ya karɓar yabo a madadin hutu. Zazzaɓin dengi ya kwantar da ita, irin wanda mutum ke jin kamar ana sassaƙar ƙashinsa.

Kwana biyu Don Evaristo bai sa komai a ciki ba sai kurɓin ruwa. An dama masa, an tuƙa masa, an soya masa ayaba, an roƙe shi. Likita ya duba shi ya ce in bai ci ba zuwa gobe da rana, asibiti za a kai shi a zura masa roba ta hanci, kuma sai an ɗaure hannuwansa don zai fizge.

Da hantsi Doña Gilma ta yi sallama a gidan Nubia da tukunyar farfesun kaza da rogo. Ta ajiye, ta ja kujera, ba ta ɓata lokaci wajen gaisuwa ba. Ta gaya mata abin da likita ya ce.

Nubia ta yunƙura za ta tashi, wai a kawo mata takalmi. Doña Gilma ta mai da ita kan matashi da yatsa ɗaya.

"Kwanta, 'yata. Ba ƙafarki na zo nema ba. Me kike yi a bayan ƙofar nan?"

Nubia ta tuna 'ya'yanta biyu da ke makaranta, ta tuna wadda aka kora saboda nama. Sannan ta hango hannuwan tsohon nan, masu kanta irin ta adda, ɗaure a ƙarfen gado.

Ta ce, "Ci nake yi, Doña. Cokali uku, kullum. In ba a ci a gabansa ba, ba ya ci." Ta faɗi sauran duka, ta ƙare da cewa rigar aikinta na rataye a bayan ƙofa, in za a tafi da ita.

Doña Gilma ta matso mata da tukunyar farfesun. Ta ce, "Wata takwas kina ɗauke da ran mutum ke kaɗai, kamar mu shida itatuwa ne. Wannan ne laifinki, ba cokali uku ba. Nawa laifin kuwa, na kafa dokar da ta sa mai gaskiya rufe ƙofa. Sha romonki."

Ta koma gidan tsofaffi ta shiga ɗakin Don Evaristo da kanta, ta ci cokali uku, ta ce kowa ya ci. Tsoho ya ƙare mata kallo. Bai san ta ba, bai yarda da maganarta ba. Ya ce, "Ina sauran?"

Da wata ce, da ta tsaya nan ta ce ai an gwada. Ita kuwa ta sa aka turo shi a keken guragu zuwa inuwar mangwaro, ta kira duk wadda ke bakin aiki, har mai girki da mai wanki, kowa da kwanonta. Suka zauna kewaye da shi suna ci. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi, yana ƙirga. Ya tsaya kan Yesenia ya ce wannan ramammiyar a ƙara mata, ba za ta kai yamma ba. Aka ƙara mata. Sannan ya buɗe baki.

Daga ranar Doña Gilma ta sauya aiki. Kowace Litinin wajen shan kofin safe, kowa sai ta faɗi abu ɗaya da ta gano game da wani tsoho. Ashe kowa da tata ƙofar da take rufewa. Wata tsohuwa ba ta yarda da wanka sai an bar mata carbinta a hannu. Wani ba ya haɗiye magani sai an kira shi Malam, don koyarwa ya yi. Aka tsara kowane tsoho ya saba da hannu uku, kowace ma'aikaciya kuma ta sami ranar hutunta, ko tana so ko ba ta so.

Bayan mako biyu Nubia ta dawo, ta tarar da Yesenia na ba Don Evaristo abinci a inuwa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ɗan sosa mata rai. Yesenia ta ɗaga cokali ta ce, "Amarya, kin yi jinkiri, an ɗaura da ni."

Tsoho ya juyo ya ga Nubia tsaye, ta rame. Ya ture cokalin, ya nuna ta, ya ce ba zai ƙara loma ba sai waccan ta zauna an zuba mata.

Ta zauna. Karo na farko a gidan, wata ce ta miƙo mata kwano.

Darasi: Aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta aikin ya kwanta. Abin da ka sani ka koya wa na kusa da kai, kai kuma shugaba ka duba ko dokarka ce ke sa mutanen kirki ɓoye alherinsu. Ku tura wa duk mai jinyar tsoho, musamman wadda ke cewa in ba ita ba babu.