Tagogin Inna Turai a Saman Rufi

Akwai wata mata a Talata Mafara, ana ce mata Inna Turai. Shekara talatin tana gumin shinkafa, wato turara ta a kan wuta, har hayaki ya rage mata gani.

Da ƙungiyarsu ta mata ta tashi gina rumfar aiki, aka ba Murtala, wani ɗan boko, jagorancin ginin. Inna Turai ta leƙa aikin, ta ga kwano ya rufe ruf, ba kafa ko ɗaya a sama.

"Ɗana, ta ina hayaki za shi fita?"

Murtala ya yi dariya a gaban magina. "Inna, ga taga huɗu nan. Mi kika sani ga gini? Ki tsaya ga tukunyarki."

"Tagoginka ƙasa suke. Hayaki sama yaka nema. In bai samu hanya ba, kanmu za shi sauko."

Maganar Murtala ta ƙona mata rai, amma ba ta rama ba. Ta bi matan gida gida har suka amince a gyara rufin. Sannan ta hau mota zuwa Maradun, ta ɗauko Labaran mai walda. Ya ɗaga tsakiyar rufin, ya bar dogayen kafofi masu rumfa don ruwan sama, ya kafa fanka biyu da iska ke juyawa.

Murtala ya ce an mai da gininsa gidan kaji. Sunan ya bi gari.

Bayan wata bakwai, wata ranar Talata da azahar, garwashi ya faɗa cikin tulin ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafa. Kafin a ankara wuta ta kama buhuna. Mata goma sha tara ne a ciki, har da Hussaina, matar Murtala, da tsohon ciki.

Baƙin hayaki ya turnuƙe, ya miƙe sama, ya dinga fita ta kafofin. Zafi ya bi shi. Ƙasa kuwa ana iya ganin ƙofa.

"Ku duƙa! Ku bi haske!" in ji Inna Turai. Ta riƙo hannun Hussaina, su ne na ƙarshen fita.

Shinkafa ta ƙone, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Jami'in kashe gobara da ya zo ya daɗe yana kallon rufin. "Da babu wannan, da hayaki ya kashe su kafin wuta. Wane injiniya ya tsara?"

Murtala ya matso, idonsa jawur. Ya durƙusa a gaban Inna Turai cikin toka.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe."

Matan suka ɗauki guɗa. Inna Turai ta gyara mayafinta, ta ce, "Tashi, ɗana. Tafi ka ba matarka ruwa."

Da matan Bakura suka tashi yin nasu ginin, mota suka aiko a ɗauke ta.

Darasi: Kada ka raina sanin wanda ya daɗe a cikin aiki. Kuma in za ka yi gini, ka bar wa hayaki da zafi hanyar fita ta sama. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gini.