Ranar da Mai Gilashi Ya Liƙe Muryar Mahaifinsa

Akwai wani magidanci da kowa ke kira Mai Gilashi, domin sana'arsa ita ce sanya gilashi a tagogi da ƙofofin gidaje. Hannunsa yana da kyau a aiki, wannan babu mai musu. Aibinsa ɗaya ne: da zarar ya riƙe abu a hannu, kunnensa ya toshe.

A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Tsohon yana da ƙa'idar da ya raine shi a kanta: duk tagar da aka ɗora, sai an buɗe ta an rufe, an sake buɗewa an rufe, kafin a kusanto da gam. Mai Gilashi ya daɗe da watsar da wannan ƙa'ida, domin a ganinsa idonsa ya wuce gwaji.

Yanzu tsohon yana zaune a gidan ɗan nasa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da maganarsa. Ko gyaɗa kai da girgiza shi sukan cakuɗe masa, ya nuna e alhali a'a yake nufi. Ga kuma ciwon sukari, wanda ake ba shi ƙwayarsa kowace safiya.

Abin da ya rage masa shi ne tabulet, babbar wayar nan mai faɗin fuska. Matar Mai Gilashi, wadda malamar makaranta ce, ita ta jera masa hotuna a kai: kofin ruwa, gado, taga, ƙwayar magani. Ta sa mijinta ya naɗi muryarsa a ƙarƙashin kowane hoto. Idan Baba ya taɓa kofi da yatsan hagu, sai a ji muryar ɗansa ta ce, "Ina son ruwa."

Wata rana da yamma tabulet ɗin ta zame daga cinyarsa ta faɗi, fuskarta ta tsattsage har tana yanka yatsa.

Da sassafe Mai Gilashi ya je shagon maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda yake tsokana da suna Mai Hantsaki saboda 'yan ƙananan kayan aikinsa. Ya nemi sabon gilashi irin nata.

Mai Hantsaki ya miƙa masa, ya ce, "Kawo mini ita mana. Zuwa tsakar rana na gama maka."

"Kai, raba ni! Ni da nake rataye da igiya ina sa gilashi a saman bene, wannan ɗan abin mai faɗin tafin hannu ne zai gagare ni?"

"To, ji abu uku kawai. Ka fara cire batir. Ka lura da siririyar igiyar da ke bayan gilashin, tana da ɗan maƙallin da ake rufewa. Kuma kada ka liƙe sai ka gwada."

Mai Gilashi ya yi dariya yana fita. "Gilashi dai gilashi ne, maƙwabci. Ci gaba da tsintar ƙurarka da hantsaki."

Ya iso gida ya tarar da matarsa a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, tana sauri.

Ta ce, "Na ba Baba maganinsa, ya kuma ɗan karya. Ka gaya wa Auta idan ta zo."

"To, to, na ji. Tafi kada ki makara."

Bai ji ba. Idonsa da hankalinsa duk suna kan kwalin da ke hannunsa.

Ya shimfiɗa tawul a kan teburin falo, kusa da kujerar Baba, ya ɓamɓare tsohon gilashin da reza. Yana cikin haka ƙanwarsa Auta ta shigo, domin ita ke zama da Baba idan matar gidan ta tafi aiki.

"Yaya, an ba Baba magani?"

Ko kai bai ɗaga ba. "Ban ga an ba shi ba. Ba shi."

Auta ta ɓallo ƙwayar ta kawo da ruwa. Baba ya datse baki, ya kawar da kai, ya miƙa hannun hagu yana laluben tabulet ɗin da ke warwatse a kan tebur.

"Ga shi nan ya fara halin nasa," in ji Auta. "Yaya, zo ka taya ni."

Mai Gilashi ya taso a ƙagauce, ya riƙe hannun tsohon. "Haba Baba, kullum sai an yi daga da kai? Haɗiye mana, aiki nake yi."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya buɗe baki ya haɗiye.

Mai Gilashi ya koma kan aikinsa. Batir bai cire ba. Siririyar igiyar kuwa ya tura ta cikin gurbinta da farce, ya ga kamar ta shiga, ya ƙyale ta. Sai ya ɗauko gam ɗin taga, irin wanda yake toshe kafar ruwan sama da shi, ya fara zagaye bakin tabulet ɗin.

Nan Baba ya shiga bugun hannun kujera, wani sauti yana fita daga maƙogwaronsa.

"Kwantar da hankalinka, Baba. Yanzu za ka ga aikin ɗanka."

Ya ɗora gilashin, ya danne, ya share bakin da yatsa har ya yi sumul. Ya kunna. Fuskar ta yi haske, hotuna suka fito ras. Ya ɗora wa Baba a cinya yana murmushi.

Baba ya kai yatsa kan hoton magani. Shiru. Ya sake taɓawa. Shiru.

Mai Gilashi ya karɓa ya taɓa kofi, ya taɓa gado, ya ja yatsa sama da ƙasa. Ko motsi. Ya goge fuskar da gefen rigarsa. Ya kashe ya kunna. Ya sa caja ya cire. Ya danna da babban yatsa har gam ya ɓullo ta gefe.

Auta ta riƙe haɓa. "Sannu injiniya. Ka yi mata kyau kamar tagar banki, saura labule."

"Ki rufe mini baki. Gam ne bai bushe ba."

Ya ci gaba da kashewa da kunnawa, rana tana ɗagawa. Can Auta ta kira shi da wata murya da ba ta tsokana ba.

"Yaya, dubi Baba."

Gumi ya jiƙe wa tsohon riga sharkaf, alhali fanka na juyawa. Hannunsa na hagu yana karkarwa, leɓɓansa sun yi fari. Duk da haka yatsansa bai daina neman tabulet ɗin ba.

"Baba, kai ne ke ciwo? Ƙirji ne? Ciki?"

Ya gyaɗa kai, ya girgiza, ya sake gyaɗawa. Auta ta zana kofi da gado a takarda ta nuna masa, ya ture takardar. Hotunan da ya saba da su yake so.

Ta kira nas ɗin asibitin da ke duba shi, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Nas ta ce, "Me ya ci, me ya sha yau?"

"Ya ɗan karya, na kuma ba shi ƙwayarsa ɗaya kamar kullum."

"Ƙwaya ɗaya ba ta saba yi masa haka ba. Ina tsoron ko ciwon ne ya dawo. Kada ku ba shi komai ta baki, zai iya shaƙewa. Na turo mota, sai dai hanyarku a cushe take. Ina abin maganarsa? Ku tambaye shi da shi."

Auta ta kira matar yayanta, wayar a kashe, tana cikin aji. Ta juyo ta dubi Mai Gilashi, idonta cike da hawaye.

"Bakinsa ke nan guda ɗaya, Yaya. Ka ɗauka ka liƙe."

Mai Gilashi ya ajiye tabulet ɗin. Ya ciro wayarsa, ya tsaya yana kallon lambar Mai Hantsaki. Ya tuna kalmar da ya yaɓa masa da safe. Baba ya yi wani nishi, kansa ya fara langaɓewa. Mai Gilashi ya danna kira.

"Maƙwabci, ka taimake ni. Tana kawo haske amma ba ta jin taɓi, kuma Baba ba lafiya. Akwai abin da yake son faɗa."

Mai Hantsaki bai tuna masa da komai ba. Ya ce, "Kafin in keto cunkoson nan an daɗe. Kai za ka yi da hannunka, ni zan zama idonka. Ka cire ledar da ke kan sabon gilashin?"

"Na cire."

"Ka riƙe maɓallin kashewa har ta mutu ta dawo?"

"Na yi har na gaji."

"To igiyar ce. Ɗaga gilashin."

Mai Gilashi ya ce, "Na liƙe."

"Da me?"

"Da gam ɗin taga."

Mai Hantsaki ya ce, "Tabulet ɗin nan dai ruwan sama ba zai taɓa shigarta ba. Ya bushe?"

"Da saura."

"Ka yi sa'a. Kashe ta. Ɗauko rezarka mafi siriri. Yanka gam kai ka fi ni iyawa, sai dai kada bakin rezar ya shige ciki, kuma ka bar gefen da igiyar take sai a ƙarshe. Idan ka yanke ta ko ka fasa gilashin, ba ni da wani a shago."

Mai Gilashi ya durƙusa a gaban tebur. Ya ja numfashi, ya sa reza, ya bi gefen a hankali kamar mai cire ƙaya daga idon yaro. A bayansa Auta tana share wa Baba gumi tana cewa, "Baba, buɗe ido. Baba, dube ni."

Zuciyarsa tana ce masa ya fizge gilashin kawai. Ya danne ta.

"Ya ɗago," ya ce.

"Kada ka ɗaga shi sama. Jingina shi kamar an buɗe littafi. Cire kan batir tukuna. Yanzu dubi inda igiyar ta shiga. Me ka gani?"

Ya kusanto da ido. Igiyar ta shiga a karkace, rabi ciki rabi waje. A bayanta ga wani ɗan baƙin abu, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a tsaye.

"Shi ne maƙallin," in ji Mai Hantsaki. "Zaro igiyar, goge bakinta da busasshen ƙyalle, mayar da ita a miƙe har ta ƙure. Sannan ka kwantar da maƙallin da farce. Ban da ƙarfi."

Yatsunsa masu kanta sun yi wa wurin girma. Igiyar ta kuɓuce masa, ya sake. Ta sake kuɓucewa.

"Yaya, yi sauri!"

"Kada ka yi sauri," in ji muryar da ke cikin waya.

A karo na gaba ta shige. Ya kwantar da maƙallin, ya ji ɗan ƙas a ƙarƙashin farcensa. Ya mayar da batir, ya ɗora gilashin haka nan ba gam, ya kunna. Hasken ya daɗe bai zo ba, ko kuwa shi ya ga haka.

Hotuna suka fito. Ya taɓa kofi.

"Ina son ruwa," in ji muryarsa.

Ya rarrafa ya tallafi tabulet ɗin a gaban Baba, ya ɗago masa hannu. Yatsan tsohon ya yi ta yawo yana karkarwa, ya wuce kofi, ya wuce gado, ya sauka a kan hoton ƙwaya mai alamar an gama.

"Na riga na sha magani."

Ya sake taɓawa. "Na riga na sha magani."

Mai Gilashi ya ji muryar kansa tana faɗa masa abin da matarsa ta faɗa a bakin ƙofa. Sai a lokacin maganar tata ta iso kunnensa.

"Sau biyu ya sha!" ya ce da ƙarfi. "An ba shi da safe kafin ki zo!"

Auta ta sake kiran nas. Nas ta ce, "To sukarinsa ne ya faɗi. Idonsa biyu? Yana haɗiye yawu? Ku tayar da shi zaune sosai, ku dama sukari a ruwa, ku ba shi kaɗan kaɗan da cokali. Yanzu!"

Mai Gilashi da kansa ya riƙe cokalin. Kafin motar asibiti ta iso, karkarwar ta fara lafawa, idon tsohon ya dawo daidai.

Da yamma likita ya ce za a riƙe shi a ga yadda sukarin zai zauna, ya kuma ce da an ci gaba da jira ba a san dalili ba, da labarin ya sha bamban.

Mai Gilashi ya zauna a bakin gadon Baba a asibiti, tabulet ɗin ɗaure da roba, domin ya yi alkawarin kai wa Mai Hantsaki ya liƙe ta da abin da ya dace. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya jawo tabulet ɗin. Ya taɓa hoton taga.

"Buɗe taga."

Auta ta miƙe za ta buɗe. Ya taɓa na kusa da shi.

"Rufe taga."

Ta tsaya. "Baba, wanne ɗaya?"

Shi kuwa idonsa na kan ɗansa. Ya sake taɓawa. "Buɗe taga. Rufe taga."

Mai Gilashi ya yi dariya, hawaye na zubo masa. "Zauna, Auta. Ba da ke yake ba. Na ji, Baba. Wannan karon na ji."

Darasi: Ƙwarewa a sana'arka ba ta mayar da kai masanin kowace sana'a. Ka saurari wanda ya san aikin, ka saurari mutanen gidanka ko da hannunka yana cikin aiki, kuma ka gwada abu kafin ka rufe shi. Idan ka san wani mai toshe kunne in ya riƙe aiki, ko mai jinyar tsoho a gida, ka tura masa wannan labari ya karanta.